Matatar Iska Ta Kasuwa: Shin Tana Kashe Garantin Mota?

Duk wanda ya taɓa loda shanu daga Damazin, ya biyo ta Sinja, ya ratsa Mai Wurno da Sinnar da Wad Madani har kasuwar Muwailih ta Omdurman, ba sai an ba shi labarin ƙura ba. Ƙasar nan baƙar laka ce, da damina ta riƙe taya, da rani ta dare ta koma gari. Ga kuma habub, guguwar da kan taso gab da faɗuwar ruwa ta rufe rana. To, abin da hancinka ya shaƙa shi inji ke shaƙa, har ya fi ka. Kafin injin dizal ya ƙone lita 1 ta mai, sai ya zuƙi iska sama da lita 10,000, kuma ba abin da ke tsakaninsa da ƙurar sai matatar iska, wato filta.

Abin da ya ta da maganar shi ne abin da ya sami wani abokin fataucinmu, mutumin wani ƙauyen Hausawa a bakin Nilul Azrak, tun kafin yaƙin da ya ɓarke a 2023. Ya sayar da bijimai ya sayi sabuwar lori a wajen wakilin kamfani, aka ba shi takardar garanti, wadda Larabawa ke kira daman. Wata rana filta ta toshe a hanya, direba ya shiga shago ya sayo irin wadda ake kira tijari, kuɗinta bai kai rabin na asali ba. Ba a yi wata huɗu ba mota ta fara shan baƙin mai, tana hayaƙi, ba ta jan kaya. Da aka kai ta kamfani, injiniya ya kwance bututun da ke bayan filta, ya shafa yatsa, ya ɗago shi jawur da ƙura. Ya ce, "Alhaji, ka gani da idonka. Robar bakinta ba ta zauna ba, ta nan ƙasa ta shiga." Da kuɗin aljihunsa ya sauke inji.

Tun daga nan ake ta cewa a kara, wai da ka sa filtar kasuwa garanti ya mutu. Wannan magana da gyara. Garanti alkawari ne kamfani ya ɗauka cewa in aibi ya fito daga ƙira, shi zai gyara. Bai ɗauki alkawarin ɓarnar da wani abu daga waje ya jawo ba. Saboda haka filta mai kyau, wadda ta dace da motar, ba ta da ruwa da giya ko birki ko wuta. Amma in ta bar ƙura ta wuce, ƙurar nan yashi ce, sai ta cinye zoben fistin da silinda da fukafukan turbo kamar an sa musu faifa, kuma bakanike na gane wannan ciwo da kallo ɗaya.

A wasu ƙasashe doka ta fayyace wannan. A Amurka, dokar Magnuson-Moss ta 1975 ta hana kamfani ya ce sai da kayansa kaɗai garanti zai tsaya. Tarayyar Turai ma ta kafa irin wannan ƙa'ida a 2002, muddin kayan sun kai ingancin na asali. Sai dai waɗannan dokoki ba sa bin mota zuwa Sinnar ko Galabat ko Abeche. Mu a nan, takardar da ka sa wa hannu ita ce alƙalinka.

Don haka kafin ka biya, ka sa a karanta maka abu uku. Na ɗaya, wa'adi: shekara nawa ko kilomita nawa, domin wanda ya riga cika shi ke rufe ƙofa. Na biyu, ko an wajabta yin sabis a garejin wakili. Na uku, wanda ya fi shafar mu, ko garantin na aiki in mota ta tsallaka iyaka. Wanda ya sayi gwanjo kuwa, ko tsohuwar Bedford da ake kira Sifinja, ya san ba shi da garanti sai bakanikensa.

Sai kai malam direba. Ka daina buga filta a jikin taya, ka daina hura ta da iska mai ƙarfi, takarda ce, hudar da ido ba ya gani ta isa. In motarka mai filta biyu ce, ta cikin ba a wanke ta, canza ta ake yi. Ka dubi lambar da ke jikin tsohuwar, ka gwada bakin sabuwar, ka goge cikin gidanta da ɗanyen tsumma kafin ka rufe. Ka karɓi rasit mai kwanan wata, ka rubuta kilomita a bayansa. Kuma kada ka bar gida ba ka ɗauki ta ajiya ba, don rashinta ne ke kai mutum ga jabu. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

A ƙarshe, 'yan uwa, ko kamfani ya yarda ya gyara inji kyauta, ba zai biya ka sa ko ɗaya ba. Lori ta tsaya tsakar rana da shanu a tsaye, ba ruwa ba inuwa, wanda ya kwanta a tattake shi, sauran su rame, ranar kasuwa ta wuce. Ka auna kuɗin filtar asali da kuɗin bijimi guda, sai ka ga inda arahar take.

Allah Ya kiyaye hanya, Ya zaunar da Sudan lafiya, Ya sa albarka a fataucinmu, amin.