Kafin ku yarda cewa warƙar nan ta shekara ɗari bakwai

Wani zai zo muku da falle ɗaya naɗe cikin tsumma, gefensa ya cinye, launinsa ya koma ruwan ƙasa. Ya ce daga wani tsohon littafi aka ciro shi, ya haura shekara ɗari bakwai, kuma Turawa na sayen irinsa da tsada. Yana iya yiwuwa. Sai dai ruwan shayi da hayaƙin murhu kan tsofar da sabuwar takarda cikin kwana biyu, don haka kada launi ya ruɗe ku.

Ku fara da abin da aka yi rubutun a kansa. Tsofaffin littattafan Turai, da Alƙur'anan ƙarnukan farko na Musulunci, a kan fata aka rubuta su: fatar ɗan maraƙi ko tunkiya ko akuya, an cire gashinta an kankare har ta yi sirara. Fuska ɗaya takan fi duhu, kuma idan kun matso da ido za ku ga 'yan ɗigo-ɗigon inda gashi ya tsiro. Idan kuwa takarda ce, ku ɗaga ta saitin hasken taga. Wadda aka yi da hannu za ta nuna layuka sirara a jere, wasu 'yan kaɗan sun ratsa su. Wani lokaci har tambari zai fito a cikin jikinta. A garin Fabriyano na Italiya aka fara sa irin wannan tambari, wajen shekarar 1282.

A nan ne yawancin littattafan gidajen malamanmu ke faɗin shekarunsu da kansu. Tambarin da aka fi gani shi ne jinjirin wata guda uku a jere. Takardar Italiya ce, fatake suka ketaro Sahara da ita ta Tarabulus da Masar, kuma ta fi yawa a ƙarni na 18 da na 19. Warƙa mai wannan tambari dukiya ce ta tarihi, amma ba ta kai shekarun da ake faɗa ba. Ko shahararren Alƙur'anin Barno da masani Bivar ya bayyana wa duniya, shekarar 1669 ce a rubuce a ƙarshensa, kuma yana cikin mafiya tsufa a yankinmu.

Sai tawada. Ku sa madubin ƙara girma. Rubutun alƙalami yana da kauri inda aka tsoma shi, ya riƙa dusashewa har a sake tsomawa. Na inji kuwa bai-ɗaya yake, launukansa ɗigo-ɗigo ne.

Wanda ya ƙware a jabu ya san duk wannan. A birnin Faris, ƙarshen ƙarni na 19 zuwa farkon na 20, an yi wani mai zane da har yau ba a san sunansa ba. Yakan sami tsohuwar fata ta gaske daga littattafan waƙoƙin coci, ya kankare wani sashe, ya zana sabon hoto. Ayyukansa fiye da 200 aka gano. Cikin abin da ya tona shi har da wani koren fenti da ba a ƙirƙiro ba sai ɗaruruwan shekaru bayan zamanin da yake kwaikwayo. Tunda ana iya yin sabon aiki a kan tsohuwar fata, gwajin kimiyya ma yana da iyaka. Lokacin da aka gwada warƙa biyu na Alƙur'anin Jami'ar Birmingham, aka sanar a 2015 cewa fatar ta faɗo tsakanin shekarar 568 da 645. Gwajin lokacin mutuwar dabbar yake nunawa. Ranar da aka yi rubutun kuwa, sai masana salon rubutu sun sa baki.

To, nawa take? Abin da ke ɗaga farashi shi ne ado da zinariya, ƙarancin irin littafin, lafiyar warƙar, da sanin hannuwan da ta bi kafin ta iso gare ku. Falle mara ado daga littafin addu'o'in Turawa na ƙarni na 15 yakan tashi a 'yan ɗaruruwan daloli ne kawai, domin suna da yawa a kasuwa. Dalilin yawansu abin baƙin ciki ne: dillalai irin su Otto Ege na Amurka sun riƙa farke cikakkun littattafai suna sayarwa falle-falle. Namu littattafan da ba a ɗinke su ba, suna zube cikin gafaka, sun fi sauƙin faɗawa wannan hali. Duk warƙar da aka zare, an gurgunta littafin ke nan.

Idan warƙa ta shigo hannunku, kada ku manna mata salatif, kada ku kai a yi mata laminatin, kada ku goge ta da ruwa. Ku sa ta tsakanin fararen takardu biyu, nesa da laima da gara. Dokar Najeriya ta 1979 ta hana fitar da kayan tarihi waje ba da izinin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ba. Ku ɗauki hotonta gaba da baya, ku nufi Gidan Arewa a Kaduna ko cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, masana su duba muku kafin ku yi ciniki da kowa.