Me ya sa ake soke ƙwallo bayan ta shiga raga?

A gidajen kallon ƙwallo, daga Kazaure zuwa Babura, Roni da Gwiwa, ba abin da ke tayar da gardama kamar ƙwallon da aka ci dab da tashi, sannan alƙalin wasa ya ce ba ta ciwu ba.

Haka ta faru ranar 7 ga watan Fabrairun 2024 a birnin Bouake na ƙasar Kodebuwa, inda Nijeriya ta kara da Afirka ta Kudu a wasan kusa da na ƙarshe na gasar cin kofin nahiyar Afirka.

Nijeriya na gaba da ci ɗaya, saura kamar minti biyar a tashi, sai Victor Osimhen ya ƙara ta biyu.

Ana cikin murna sai alƙalin wasan, Amin Omar ɗan ƙasar Masar, ya nufi bakin fili ya duba hoton bidiyo. Da ya dawo ya soke ƙwallon, ya kuma ba Afirka ta Kudu fenareti, wanda Teboho Mokoena ya ci a minti na 90.

Rahotanni sun ce wasu 'yan Nijeriya sun yanke jiki sun faɗi matattu suna kallon wasan, ciki har da tsohon ɗan majalisar wakilai, Cairo Ojougboh.

Abin da doka ta ce

Tun shekarar 2018 dokokin ƙwallon ƙafa suka amince da amfani da na'urar taimaka wa alƙalin wasa, wato VAR.

Idan ƙwallo ta shiga raga, masu kula da na'urar suna komawa baya ne tun daga inda harin ya faro.

A Bouake, hoton ya nuna cewa kafin Nijeriya ta kai harin, Alhassan Yusuf, haifaffen Kano, ya yi wa Percy Tau ƙeta a cikin da'irar gidan Nijeriya.

Tunda laifin ya riga ƙwallon, a idon doka duk abin da ya biyo bayansa tamkar bai faru ba.

Lokacin da babu na'ura

A ranar 13 ga watan Fabrairun 2000 kuwa, rashin na'urar ne ya cuci Nijeriya.

A wasan ƙarshe da Kamaru a Legas, an tashi biyu da biyu, aka tafi bugun daga kai sai mai tsaron gida. Ƙwallon Victor Ikpeba ta daki ƙarfen sama ta dira a bayan layi, amma alƙalin wasa Mourad Daami ɗan Tunisiya ya hana. Kamaru ta ɗauki kofin da ci huɗu da uku.

Sai a shekarar 2012 aka amince da na'urar tantance ko ƙwallo ta tsallake layi gaba ɗayanta.

Rawar mai tsaron gida

Wanda ya fitar da Nijeriya kunya a Bouake shi ne mai tsaron gida, Stanley Nwabali, tsohon ɗan wasan Katsina United.

Ya tare bugu biyu, na Mokoena da na Evidence Makgopa, Nijeriya ta yi nasara da ci huɗu da biyu.

Shi ma mai tsaron gida doka ta ɗaure shi: tilas aƙalla ɓangaren ƙafarsa ɗaya ya kasance a kan layi, ko saitinsa, ko bayansa, a lokacin da aka buga ƙwallon. In ya fito da wuri ya tare, a sake bugawa.

A filayen unguwa da na makarantu dai babu bidiyon da za a duba. A can, kamar yadda doka ta biyar ta tanada, hukuncin alƙalin wasa kan ko ƙwallo ta ciwu shi ne na ƙarshe, ko da kuwa ya yi kuskure.