Katangar Bayan Murhu da Adonta

Manoman Duza da sauran ƙasar Anka, da na Gummi da Bukkuyum, ga kaka ta wuce, hatsi ya shiga rumbu, kara ya cika gida, hunturu kuwa ya kama. Wannan shi ne lokacin gobara, kuma sau da yawa daga madafi take tashi, inda aka kafa murhu jikin zana ko dangar kara.

Maganin abin shi ne a gina 'yar katanga ta tubali bayan murhu, tsayinta kamar ƙafa 3, fāɗinta ya zarce murhun dama da hagu. Amma kada a manna ta da zana. A bar fili tsakani, ko da tafin hannu ne, domin iska ta riƙa ratsawa tana kwashe zafi. Wannan fili shi ne kan magana. A Amurka, inda suke hura murhun ƙarfe cikin ɗaki, ƙa'idarsu ita ce a nisanta shi inci 36 daga bangon katako. In an kafa fallen ƙarfe a tsakani, aka bar inci 1 na iska a bayansa, sai nisan ya koma inci 12. Watau iska ce mai aikin.

To, sai ado, wanda mata suka fi damuwa da shi. Ana iya jera tsingaro, ko fasassun farantan tangaran, ko gutsattsarin tayil da magina ke zubarwa. Ku sani ado ba ya tare zafi. Amfaninsa dai, ban da kyau, shi ne baƙin hayaƙi ba ya kama shi sosai, da an sa tsumma sai ya fita.

A kwaɓa jar ƙasa da yankakkiyar ciyawa, a bar ta ta kwana biyu ko uku, kana a yaɓe katangar. Tun yaɓen yana da danshi za a danna tsingaron, bayan an jiƙa shi, don busasshe yakan shanye ruwan ƙasa ya faɗo. Ƙanana sun fi manya, gama babban tayil gefe ɗaya ke zafi ɗaya na sanyi, sai ya tsage. A bar kaurin yatsa tsakaninsu, a cike da ƙasa, a shafa ruwan makuba. Gam da fentin mai ba su da wuri a nan, wuta na lalata su. Mai gaggawa kuwa, wanda ya hura babbar wuta washegari, zai sake aiki. A jira mako guda, a fara da 'yar wuta.

Saura abu ɗaya, mai nauyi. A shekarar 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, Duza na cikin waɗanda abin ya shafa, saboda niƙan dutsen zinariya cikin gidaje. Dalma ba ta ruɓewa cikin ƙasa. Kada kowa ya ɗebi ƙasar gini daga inda aka taɓa daka dutse ko wanke shi, balle ya kai ta inda ake tuƙa tuwo, yara na rarrafe. A je nesa da wurin a haƙo sabuwa.