Kafin Ka Miƙa Kuɗin Gida, Ka San Wanda Ke Ba Ka Shawara

Duk matafiyin da ya taso daga Tamanrasset ya nufi In Salah zai ratsa Outoul bayan tafiyar kimanin kilomita 20. A nan, kamar a unguwannin birni, babban burin maigida shi ne ya mallaki muhallin da zai tara iyalinsa. Sai dai abin da aka yi shekaru ana tarawa yana iya salwanta a yini guda, idan aka biye wa mai romon baka.

Arzikin Aljeriya ya dogara ne da man fetur da iskar gas. Gangar mai da ta haura dala 100 a tsakiyar 2014 ta faɗo ƙasa da dala 30 a farkon 2016, gwamnati ta tsuke bakin aljihu. Daga baya hauhawar farashi ta zarce kashi 9 cikin ɗari a 2022 da 2023. A nan kudu kuwa, kuɗin dako yana ƙara wa kayan gini tsada. Idan mutum ya ga darajar ajiyarsa tana zaizayewa, sai ya ƙagu ya zuba ta a fili ko gida. A daidai wannan lokaci ne masu ba da shawarar bogi ke cin kasuwarsu.

Ƙasar nan ta taɓa ganin darasi. A 2003 bankin Khalifa, wanda ya ja hankalin jama'a da alkawarin riba mai tsoka, ya durƙushe da ajiyar dubban mutane. An dawo da mai shi, Rafik Khalifa, daga Ingila a 2013, kotu ta ɗaure shi shekara 18 a 2015. Idan banki mai rassa ya faɗi haka, ina ga wanda ofishinsa bai wuce wayar hannu ba?

Doka ta tanadi kariya ga wanda ya neme ta. Ba mai ikon yin sana'ar karɓar ajiya ko ba da rance sai da izinin Babban Bankin Aljeriya. Hukumar COSOB, wadda aka kafa a 1993, ita ke sa ido kan kasuwar hannun jari. Ga mai gudun riba, ƙa'ida mai lamba 20-02 ta Maris 2020 ta fayyace mu'amaloli irin su murabaha da ijara da istisna'i, ta kuma wajabta wa banki samun shaidar hukumar fatawa ta ƙasa kafin ya tallata su. Saboda haka kiran abu da sunan halal bai wadatar ba. A nemi ganin shaidar.

Haka batun gida. Doka mai lamba 11-04 ta 2011 ta hana sayar da gidan da ba a gama ba sai ta hannun ɗan kasuwar gini mai lasisi, da yarjejeniyar da aka ƙulla gaban notaire, wato muwassiƙ. Takardar da aka rubuta tsakanin mutum biyu da shaidu ba ta mayar da fili mallakar mai saye. Gidajen AADL kuma, waɗanda aka buɗe rajistar zagayensu na uku a Yulin 2024, na 'yan ƙasa ne, ba a sayen gurbinsu a hannun dillali.

Don haka, ya ɗan'uwa, kafin ka ƙirga ko dinari ɗaya, yi tambaya uku: wa ya ba shi izini, nawa ne la'adarsa, wace takarda zan riƙe? Ka kuma shawarci uwargida, domin sau da yawa adashinta da zinarenta suna cikin kuɗin. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, umarni ce da rubuta bashi. Rigakafi ya fi magani. Allah Ya rufa mana asiri, amin.