Kafin ka sauko da bindigarka daga rataye



Kaka ta yi. Gero ya shiga rumbu, an tuge gyaɗa, ana roron wake. Yanzu ne mai bindiga zai tuna da abarsa, wadda ya rataye a ɗaki tun ruwan shuka. Wani zai shiga daji da ita neman zomo ko fakara. Wani zai bi 'yan bindiga zuwa biki ko hawan sarki. Kafin ka sauko da taka, karanta wannan takarda. In maƙwabcinka bai shiga ajin yaƙi da jahilci ba, ka karanta masa.

Abin da na gani a ƙasar Yekuwa

Wata kaka ina zagayen gonaki a ƙasar Yekuwa, na sauka wurin wani manomi mai ƙwazo. Ya nuna mini gyaɗarsa, muka auna, muka yi murna. Bayan kwana uku aka ce mini yana gidan likita. Ya sauko da bindigarsa ta toka, ya ɗura, ya harbi fakara. Ƙarfen ya tsage daidai inda hannunsa na hagu yake riƙe. Yatsu uku suka tafi.

Mutanen gari suka ce jifa ne. Amma da maƙeri ya duba ƙarfen, sai ya tarar da laka a ciki. Zanzaro ne ya yi gida tun damana. Bayan lakar kuma tsatsa ta cinye ƙarfen, ya yi sirara kamar gwangwanin madara. Damanar da ta biyo, mutumin nan bai iya riƙe hauya ba. Sai da ya sayar da awaki ya ɗauki 'yan ƙwadago.

Me ke cin bindiga?

Bindiga ba baƙuwa ba ce a ƙasar Damagaram. Zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, maƙeran Zinder har igwa suka ƙera, kuma a nan birnin ake haɗa albarushi. Mun gaji harbi daga kakanni. Kula da ƙarfen ne da yawanmu suka yi wa sakaci.

Abokan gabar bindiga uku ne.

Na farko, tokar albarushi. In albarushi ya ci wuta, fiye da rabin nauyinsa toka yake komawa. Wata ta fita cikin hayaƙi, wata ta manne a ciki. Ka san yadda gishiri yake jiƙewa a damana ko ba a zuba masa ruwa ba. Haka tokar nan take jan laima. In ta kwana a ciki, tsatsa ta kama aiki ke nan.

Na biyu, toshewa: gidan zanzaro, ƙasa, ko tsumman da aka cusa aka manta. Wutar da ba ta samu hanya a gaba ba, za ta nemi hanya a gefe, inda hannunka da idonka suke.

Na uku, mantuwa. Mutum ya ɗura bara, ya manta, ya sake ɗurawa bana. Ɗuri biyu a ƙarfe ɗaya ya isa ya fasa shi.

Wanzami ba ya fita ba zabira

A ƙasashen Turai da Amurka ana sayar da ɗan akwati wanda ya haɗa duk kayan gyaran bindiga. A ciki akwai sanda mai gaɓa-gaɓa da ake murɗawa ta zama ɗaya, da burushi na tagulla, da tsumma, da kwalbar mai. Ta soja ma haka ne. Bindigar Kalashnikov mai gindin itace tana da rami a gindin, inda ake ajiye kayan gogarta, sandar kuwa tana ƙarƙashin ƙarfen.

Ba sai ka sayi akwatin kanti ba. Kowane burushi na ciki an yi shi ne don bindiga mai wani faɗi, ba lalle ya dace da ƙirar maƙerinku ba. Dabarar za ka ɗauka: kayan duka su zauna wuri ɗaya, su bi bindiga duk inda ta je. In mai yana wurin uwargida, tsumma yana wani ɗaki, za ka ce sai gobe. Goben nan ita ce tsatsa.

Je wurin baduku ya ɗinka maka ƙaramin burgami. Ka zuba waɗannan:

1. Tsumman auduga mai tsabta, a yanka ƙanana.
2. Guntun sabulu.
3. Ƙaramar kwalbar man keken ɗinki. Kada ka sa man gyaɗa, don yana yin danƙo in ya daɗe.
4. Siririn tsinke na ƙarfe, na buɗe 'yar ƙofar da wuta ke bi.
5. Tsohon burushin haƙori, na goge lungunan kunama.
6. Sukudireba wadda ta dace da kusoshin bindigarka.
7. Jan ƙyalle da zare.

Na takwas ba ta shiga burgami, amma ta fi duka amfani. Sanda ce miƙaƙƙiya wadda ta fi ƙarfen tsawo da taƙi ɗaya. Ranar da ka tabbata bindiga ba kome a cikinta, zura sandar har ƙasa, ka yi mata tsaga daidai baki. Daga ran nan ka samu ma'auni. Duk sa'ad da ka zura, tsagar ba ta kai baki ba, to akwai wani abu a ciki.

Albarushi da ashana ba su shiga wannan burgami. Ajiye su dabam, nesa da murhu, inda yara ba su kaiwa.

Yadda za ka wanke ta

Fita waje, ka kori yara. Juya bakin bindiga inda ba mutum, ba dabba. Cire ɗan abin da kunama ke sara ya ba da wuta. Sa'an nan ka auna da sanda, kada fuskarka ko tafinka su tsaya saitin baki.

In ka tarar da tsohon ɗuri, kada ka ce bari in harba ya fita. Cika ƙarfen da ruwa, albarushin ya jiƙe sarai, ka kai wa maƙerin da ya san aikin ya zaro shi.

In ba kome, dafa ruwa, ka sa sabulu kaɗan. Zuba a ciki, ka naɗa tsumma a kan sanda, ka yi ta sama da ƙasa. Ruwan farko zai fito baƙi ƙirin. Ci gaba har ya fito fari. Ruwan zafi ya fi, don ƙarfen da ya ɗauki zafi yana saurin bushewa. Goge da busasshen tsumma, ka buɗe 'yar ƙofar wuta da tsinke, ka shanya a rana baki ƙasa. Da ta bushe, ɗiga mai a tsumma ka shafe ciki da waje. Kaɗan ya isa. Ranar da za ka ɗura, ka fara goge man ciki.

Ranar da ka yi harbi, ranar za ka wanke. Kada toka ta kwana.

In taka ta kanti ce mai karyewa, irin ta lamba 12, cire harsashi, ka karya ta, ka leƙa ƙarfen ta baya wajen haske. Ita tsumma da mai sun ishe ta. Amma ka ji wannan da kyau: kada ka fasa harsashin kanti ka zuba garinsa a bindigar toka. Ƙarfinsa ya wuce abin da za ta iya ɗauka.

In za ka rataye ta, kada ka cusa kome a baki. Rufe bakin ta waje da jan ƙyalle, ka ɗaure. Zanzaro ba zai shiga ba, kai kuma za ka ga ja ka tuna. Kuma kada ka rataye ta da ɗuri, ko na dare ɗaya.

Wadda ta gama aikinta

Shafa ƙarfen da yatsa daga baki har gindi. In ka ji kumburi, ko ka ga tsaga, ko ramukan tsatsa masu zurfi, ko hayaƙi yana fita ta baya wajen harbi, wannan bindiga ta mutu. Mai ba ya tada ta. Ɗaurin waya da na roba ba su riƙe wuta. Ka ƙara lura da wadda aka yi da bututun famfo, don yana da ɗinki a tsawonsa, kuma ta nan yake tsagewa.

Takarda ma tana cikin kaya

Mallakar bindiga a Nijar sai da izinin hukuma. Tun 1994 akwai hukumar ƙasa mai tattara makaman da ba su bisa ƙa'ida. Farauta kuwa an hana ta a 1974, ba a sake buɗe ta ba sai 1996. Dokar 29 ga Afrilu 1998 ta tsara ta: akwai takardar izini, akwai lokacin buɗewa da na rufewa, akwai namun da ba a taɓawa sam. Kafin ka shiga daji, tambayi ma'aikatan gandun daji na Magariya ko na Dungas. Naɗe takardunka cikin leda, su ma su zauna a burgamin.

Ɗan'uwa, burgami da kwalbar mai ba su kai kuɗin akuya ba. Hannun da ke riƙe hauya kuwa ba a sayar da shi a kasuwa. Gobe da safe, yanko sanda, ka yi mata tsaga.

Allah ya kiyaye mu, ya kai mu damana mai zuwa lafiya.

Naku, malamin gona.