Inganci da Daraja a Lofen Bamum

Mai sauraro na iya ɗaukar inganci da daraja tamkar abu guda, alhali kuwa ma'auninsu daban ne. Lofen da ake yi da hannu a Fumban, hedikwatar masarautar Bamum ta yammacin Kamaru, ya isa misali.

Inganci a jikin lofe yake. In na yumɓu ne, mai saye kan ƙwanƙwasa kansa da farce: wanda ya gasu sosai amonsa garau yake fita, mai tsaga kuwa amonsa a dushe. Sai ya zuƙa babu taba, ya ji ko iska na bin kafar ba tare da sarƙewa ba, ya kuma duba kaurin bakin, domin marar kauri yakan ƙona hannu. Na tagulla da kakin zuma ake fara siffanta shi, a lulluɓe da laka, a narkar da kakin, a zuba ƙarfe a gurbinsa. Tun da sai an fasa lakar kafin a fitar da shi, babu biyu masu kama ɗaya sak.

Daraja kuwa daga mai lofen take fitowa. A zamanin Sarki Njoya, wanda ya rasu a 1933, girman lofe da zanensa su ke nuna matsayin mutum, kuma maciji mai kai biyu tambarin sarauta ne. Wasu manyan lofunan fada ma sun yi nauyin da shan taba da su wahala ne, don nunawa a taro aka yi su. Da za a auna irin waɗannan da ma'aunin mashayi, da sun faɗi, amma su ne gidajen tarihin Turai suke ajiye da su a yau.