Roger Deakins: Mutumin da Ya Jira Gajimare

Mai kallon fim yakan riƙe sunan jarumi, wani lokaci da na darakta. Shi kuwa wanda ya tsara haske ya riƙe kyamara, sunansa kan wuce a ƙarshe, lokacin da jama'a sun riga sun miƙe. Roger Deakins na cikin 'yan kaɗan da suka fita daga wannan inuwa.

An haife shi a Torquay, kudu maso yammacin Ingila, a 1949. Zane ya fara karanta a Bath, sannan ya shiga makarantar fim ta ƙasa da ke Beaconsfield. Kafin Hollywood ta san shi, finafinan gaskiya yake ɗauka: yaƙin Rodeshiya, yaƙin Eritiriya, da tseren jirgin ruwa na zagaya duniya. A ganina can ya samo idonsa. Wanda ya saba ɗaukar abin da ba ya maimaituwa, ba ya ƙawa don ƙawa.

Daga Barton Fink na 1991 ya ƙulla da daraktocin nan 'yan'uwa biyu, Joel da Ethan Coen. A O Brother, Where Art Thou? na 2000, sun tarar da Mississippi kore shar, alhali labarin ƙura da fari yake so. Deakins ya bi fim ɗin kakaf da kwamfuta, ya mai da ganyen launin karan dawa bayan kaka. A lokacin baƙon abu ne. Yau kowa haka yake yi.

Sai batun kyautar Oscar. Tun daga The Shawshank Redemption na 1994, sau 13 ana sa sunansa a takara, sau 13 yana komawa gida hannu rabbana. A 2018 ya samu, da Blade Runner 2049, ya ƙara a 2020 da 1917.

Wannan na biyun shi ya fi burge ni. Darakta Sam Mendes ya so a ga fim ɗin kamar ɗauka ɗaya ce ba yanka, kyamara na bin sojoji biyu cikin ramukan yaƙi tana juyawa kowane ɓangare. Ba inda za a ɓoye fitila, kuma rana na fitowa, haɗin ya lalace. Saboda haka da rana ta buɗe sai a koma atisaye, ido na sama. Gajimare na rufe ta, kowa ya ruga wurinsa a ɗauka.

A 2021 aka ba Deakins sarautar Sir.